Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hukumar Gidan Tarihin Taino Na Altos de Chavón: Kafin Ɗan Kwangila Ya Shigo

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan gidan adana kayan tarihi na yanki da ke Altos de Chavón, La Romana, Jamhuriyar Dominikan.

Ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri,

A 1981 aka buɗe gidan da kuke riƙe da amanarsa, a kan tudun da ke leƙen kogin Chavón, da kayan da Samuel Pión ya tara. Sun haura guda 3,000, tun daga sassaƙaƙƙun duwatsun mutanen farko da suka zauna tsibirin dubban shekaru da suka wuce, har zuwa tukwane da kayan ibadar Taino, mutanen da Kolumbus ya tarar a 1492. Ginin da ya haura shekara 40 yana shan iskar teku, ko ba a faɗa ba, maganar gyaransa za ta taso. Mu adana kayan tarihi ne sana'armu, kuma mun san inda kuɗin irin wannan gyara ya saba zuwa: fenti, tayil, fitilu, manyan allunan talabijin, duk abin da zai yi kyau a hoton ranar buɗewa. Rufi da sito da rajista da iskar da kayan ke zaune a cikinta, su ake cewa sai in kuɗi ya yi saura. Ba ya kuwa yin saura. Muna roƙonku ku faro daga waɗannan da ake bari a baya.

Kafin a ɗaga ko tsingaro ɗaya daga mazauninsa, a gama rajista. Kowane abu da lambarsa a jikinsa, da hoto ta fuska uku tare da ma'auni a gefe, da tsawo da faɗi da nauyi, da bayanin duk wata tsaga ko tsohon gyara. Ba a rubuta lamba kai tsaye a kan yumɓu. A narka gam ɗin nan na masu adana kaya, Paraloid B-72, a sinadarin asiton, kashi 20 cikin 100, a shafa siriri a gindin tukunya, a bari ya bushe, a rubuta, a sake shafawa a kai. Ranar da aka so cirewa, asiton zai ɗauke ta ba tabo. Kwafin rajistar ɗaya ya riƙa kwana a wajen ginin. Wanda ya raina wannan aiki ya tuna da 2023, da Gidan Tarihin Birtaniya ya sanar cewa kusan abubuwa 2,000 sun ɓace ko sun lalace, da yawansu ba a taɓa yi musu cikakkiyar rajista ba. A wajen kwashe kaya ne lamba ke rabuwa da tukunyarta, kuma tukunyar da ta rasa lamba ta rasa garinsu.

Sai iska. A rataye ƙananan na'urorin nan masu rubuta zafi da laima duk minti 15: ɗaya a kowane zaure, ɗaya cikin akwatin gilashi, ɗaya a sito, ɗaya a waje cikin inuwa. A bar su shekara guda cur, rani da damina. Injiniyan da ya zana muku tsarin sanyaya ɗaki ba wannan lissafi a gabansa, kintace kawai yake yi.

Abin da ya sa muka nace, gishiri ne. Tukwanen Taino a fili aka gasa su, wutar ba ta kai ta toshe ƙofofin yumɓun ba, kuma ba a yi musu shafen ƙyalli ba. Sun kwana ɗaruruwan shekaru a ƙasar bakin teku ko cikin kogo, sun sha gishiri sun ƙoshi. Gishiri kuwa yana da iyakarsa sananniya. In laimar iska ta haura kashi 75 cikin 100, sai ya tsotsi ruwa ya narke a cikin jikin tukunya. In ta sauko, ya sake daskarewa, 'ya'yansa su girma a ƙarƙashin fata su riƙa tura ta waje. Laimar gabar Karibiyan a kusa da wannan iyaka take yawo. Ɗakin da ake kunna wa iyakwandishan da safe a kashe da yamma in baƙi sun watse, yana iya ƙetara iyakar sau biyu kullum, wato sama da sau 700 a shekara. Alamar farko ita ce farin gari kamar kanwa a leɓen tukunya, da ɗan ɓurɓushi ja a kan shimfiɗar akwati, daidai ƙarƙashinta. Wannan ɓurɓushin shi ne zanen. Salon tukwane na Boca Chica da ya mamaye gabashin tsibirin tun wajen shekara ta 1200, adonsa duk a fatar tukunya yake: layukan da aka ja da tsinke tun yumɓu na ɗanye, kowanne ya ƙare da ɗigo, da 'yan kawuna masu kama da na jemage a marikin. In fatar ta zube, kasko kawai ya rage.

To iyakwandishan ba ita ce maganin ba, wani lokaci ma ita ce cutar. Wadda ta fi ƙarfin ɗaki tana sanyaya shi cikin mintuna ta tsaya, ba ta daɗe tana aiki har ta matse ruwan iskar ba, sai a sami ɗaki mai sanyi da danshi, gilashi na gumi. Abin da ake bukata na'urar tsane laima ce mai aiki dare da rana, da ƙofa biyu a mashiga don kada iskar waje ta biyo kowane baƙo. Ma'aunin da manyan gidajen tarihi suka amince da shi ga yawancin kaya shi ne laima tsakanin 40 da 60, zafi tsakanin digiri 16 da 25, kuma kada laima ta motsa fiye da 10 cikin awa 24. A La Romana ku nufi saman ma'aunin, 55 zuwa 60, ku riƙe shi daram. Daga 65 zuwa 70 fumfuna ke fara leƙowa. Neman 45 irin na Turai zai cinye kuɗin wuta, kuma ranar da guguwa ta ɗauke lantarki na kwanaki, kayan za su yi tsallen da ya fi musu illa da a ce an bar su yadda suke.

Abin da ba ya bukatar lantarki shi ne akwatin gilashi mai rufuwa ruf, da aljihun tebur a ƙasansa cike da silika jel, ƙwayoyin nan masu tsotse laima, kimanin kilo 20 ga kowace mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi. A yi aljihun ta yadda za a buɗe shi daga waje ba sai an taɓa inda kayan suke ba. Tukunyar da gishiri ya riga ya kama kuma ana jiƙa ta a tataccen ruwa marar gishiri, ana sauya ruwan ana auna shi har ma'auni ya sauka ya tsaya. Amma a fara gwada gefe ɗaya, don marar gasuwa sosai tana iya laushi ta saki. Kuma kada a wanke komai kafin a ɗebi samfurin abin da ke maƙale a jikinsa. Za mu dawo kan dalili.

Akwati mai rufuwa yana da nasa tarkon. Kafinta zai kawo muku filawud ko MDF, da farin gam, da silikon ɗin nan mai warin tsami, domin su ya saba da su. Dukkansu suna fitar da tururin asid irin na ruwan khal, kuma iyakar rufuwar akwati iyakar taruwar tururin. Yawancin dutse bai damu ba. Katantanwar teku ce ke shan wuya, ita kuwa Taino da ita suka yi gizago da duwatsun wuya da ƙananan fuskokin da ake kira guaíza da haƙoran da suke dasa wa mutum-mutumin icce. Asid yana cin bawon ya mayar da shi farin gari, mai shara ya zaci fumfuna ce ya sa ƙyalle ya goge, ya tafi da fuskar gaba ɗaya. Don haka jikin akwati ya zama ƙarfe mai gasasshen fenti ko alminiyam da gilashi, silikon ya zama marar tsami. Duk ƙyalle, gam, soso ko fentin da zai shiga ciki a yi masa gwajin Oddy: a sa gutsurensa a kwalba da ɗan ruwa da 'yan fallayen azurfa da jan ƙarfe da dalma, a toshe, a ajiye a digiri 60 kwana 28. In dalmar ta yi farin tsatsa, kayan nan ba su shiga. Kwana 28 ɗin a rubuta su a takardar kwangila tun farko, in ba haka ba ɗan kwangila zai ce su ne suka tsayar masa da aiki.

Kayan icce kaɗan ne suka tsira daga zamanin Taino, shi ya sa kowanne ya fi zinariya. Duho, kujerar sarauta 'yar tsugunno, galibi da iccen guayacán ake sassaƙa ta, mai nauyi da maiƙo, wanda ƙwari ba su cika so ba amma yana tsagewa in aka busar da shi da gaggawa. Duk iccen da ke hannunku ko wanda za ku aro, in ya shekara da shekaru a laima 70, a sauko da shi sannu-sannu cikin makonni. Sauran itatuwa masu laushi abincin gara ne, irin garar nan ta busasshen katako da ba ta bukatar taɓa ƙasa. Ba a ganinta, sai dai tarin 'yan ƙwayoyi kamar yashi a ƙarƙashin abin. Kada a yi feshi a kan kayan tarihi. A rufe abin a leda marar shan iska, a kore iskar da naitirojin har oksijin ya sauka ƙasa da kashi 0.3, a bar shi kwana 21 a digiri 25. Daskararwa a firiza tana kashe ƙwari, amma ba a yi wa abin da aka dasa wa katantanwa ko zinariya da ƙaro, domin kowannensu da yadda yake tsukewa. A kuma sa ido a kan sabon katakon da magina za su shigo da shi. Sau da yawa ta nan gara ke shiga gidan da aka gama gyarawa.

Tsofaffin gyare-gyare za su fito da yawa in aka haska fitilar UV a duhu: gam ɗin da ya yi rawaya, da cikon filasta da aka yi wa fenti har ya hau kan yumɓun asali. Wanda ke riƙe lafiya a rubuta shi a bar shi. Wanda za a sake, a tuna cewa B-72 yana fara laushi a wajen digiri 40, zafin da sito marar iska ko bayan mota ke kaiwa. Ga manyan tukwane a gauraya shi da B-48N ko B-44 masu jure zafi. Haske ba shi da wahala: ƙwan LED, luks (ma'aunin ƙarfin haske) 50 ga auduga da launi, 200 ga icce da ƙashi. A karkato shi daga gefe, domin zanen da aka ja da tsinke inuwa ce ke fito da shi, hasken sama mai faɗowa tsaye yana shafe shi.

A aikin ginin kansa, rufi da indararo ne farko, kuma kada bututun ruwa ya bi ta saman sito. Ba a buɗe rufi ko kwashe kaya tsakanin Yuni da Nuwamba. Kun fi mu sanin dalili: guguwar Georges ta sauka a yankinku ranar 22 ga Satumba 1998, Fiona ta shigo ta Boca de Yuma ranar 19 ga Satumba 2022. Kalmar huracán ma, wato guguwa, daga bakin Taino Sifaniyawa suka ɗauko ta. Kantar ƙasa ta ɗaga santimita 15 daga daɓe, kowace kanta da ɗan leɓe a gaba, a ɗaure su da bango, domin tsibirin da ya ga girgizar ƙasar 1946 da ta Haiti a 2010 ba a ajiye tukunya mai zagayayyen gindi a kan gilashi haka kawai. A lanƙwasa mata mazauni da siririn ƙarfen tagulla naɗe da roba, a sa 'yar jakar yashi a ciki ta danne ta. Kakin da ake manna kofuna da shi ba a sa wa yumɓu marar shafe, yana shiga ya bar tabo. Sai wuta. Gidan Tarihin Ƙasar Birazil ya ƙone ranar 2 ga Satumba 2018 da kusan abubuwa miliyan 20 a ciki, kuma bincike ya kai ga wata iyakwandishan da aka yi wa haɗin waya ba daidai ba. A sauya tsofaffin wayoyi duka. Duk ranar da aka yi walda, mutum ɗaya ya zauna da abin kashe gobara aƙalla awa guda bayan mai waldar ya tashi.

Ga dalilin hana wanki. Burén, faffaɗan kaskon da ake gasa gurasa a kai, an daɗe ana kiransa kaskon gurasar rogo. Da masana suka kankare abin da ya maƙale a ramukan irin waɗannan kasake a tsibiran Karibiyan suka duba a na'urar ganin ƙananan abubuwa, sai ga sitacin masara da dankali da wake da guáyiga, a wasu ma babu rogon sam. Burushi da sabulu na minti ɗaya sun isa su shafe wannan shaida.

Guáyiga kuwa ita ce za ta bambanta gidanku da na babban birni. Gajeren tsiro ne mai ganye kamar ƙaramin dabino, yana fita a ramukan dutsen farar ƙasa na gabas, saiwarsa na da guba. Bartolomé de las Casas, Basifane da ya ga yaƙin da mutanensa suka yi da Taino a yankin Higüey da idonsa, ya rubuta yadda mutanen yankin ke goge saiwar, su cura, su shanya a rana har curin ya yi duhu ya cika da tsutsa, sannan su faɗaɗa su gasa. Wanda ya ci kafin ya kai haka, ya ci ajalinsa. Har yau ana yin wata gurasa mai suna chola da sitacinta. A dasa tsiron a farfajiya, a sa masa allo. A kusa da shi a kafa murhu, a ɗauko masu yin casabe, wato gurasar rogo, a biya su su riƙa yi a gaban yara: goga, matsewa a doguwar jakar saƙa ta cibucán har ruwan gubar ya tsiyaye, tankaɗe, gashi. Duk wanda ya taɓa ganin ana yin garin kwaki zai gane aikin nan take. A Disamba 2024 UNESCO ta sa wannan sana'a a jerin gadon al'adun duniya.

Wannan ya kawo mu kan allunan bayani. Kada a rubuta cewa Taino sun ƙare. A faɗi abin da ya faru ba ragi: yaƙin Higüey na 1502 zuwa 1504 a zamanin gwamna Ovando, kama sarki Cotubanamá a tsibirin Saona da rataye shi a Santo Domingo, aikin tilas a mahaƙar zinariya, rabon Taino ga Sifaniyawa na 1514 da ya ƙirga kimanin 26,000 kacal, annobar agana ta 1518, tawayen sarkin Taino Enriquillo na 1519 zuwa 1533 a duwatsun Bahoruco. Sannan a ci gaba. A 2018 an buga binciken ƙwayoyin halitta daga haƙorin wata mata da ta rayu kimanin shekara 1,000 da suka wuce a tsibirin Eleuthera na Bahamas, aka sami jinin danginta a jikin mutanen Puerto Rico na yau. Manomin La Romana har yau conuco yake ce wa gonarsa, bohío yake ce wa bukka. Allon farko ya kuma bayyana cewa ba su suka kira kansu Taino a matsayin sunan al'umma ba, wani masani mai suna Rafinesque ne ya laƙaba shi a 1836.

A yi hattara da Ramón Pané, malamin coci da ya zo da Kolumbus. Shi ne ya rubuta labarin addininsu a wajen 1498, amma a arewacin tsibirin ya zauna, rubutunsa na asali ya ɓata, fassarar Italiyanci ta 1571 ce ta kawo mana shi da sunaye a karkace. Ya ce duwatsu masu tsini uku suna sa rogo ya yi albarka, wannan a rubuta. Amma liƙa wa kowane cemí, wato gunkin ibadarsu, sunan manyan allolinsu Yúcahu ko Atabey, ƙawa ce ba ilimi ba. Haka kayan da mai tarawa ya saya ba masana suka haƙo ba: inda takarda ta ce daga wane kogo ko kufai, a faɗa, inda babu a rubuta babu. A kuma gayyato masani daga waje ya tantance jabu. A Los Paredones kusa da La Caleta, masu sassaƙa na gari sun yi shekaru suna ƙera kayan dutse masana na saye suna rubutu a kai, sai a ƙarshen shekarun 1960 asiri ya tonu. Jabun da kuka samu kada a ɓoye shi, a ba shi akwatinsa da labarinsa, yara sun fi tsayawa a nan. Cemí ɗin auduga guda ɗaya tak da ya tsira yana Turin ta Italiya, duho mai dashen zinariya yana Landan. In za a nuna kwafinsu, a rubuta kwafi ne da manyan baƙaƙe, da inda na ainihin yake.

In akwai ƙasusuwan mutane a cikin kayan, a fitar da su daga zauren kallo, a ba su keɓaɓɓen wuri a sito, a zauna da ƙungiyoyin da ke ɗaukar kansu jikokin Taino kafin a yanke shawara. Ba a ɗibar samfuri sai da rubutaccen izini, domin gwajin ƙwayoyin halitta yana cin ɓangaren haƙori ko ƙashin kunne, kuma ba ya dawowa.

Gidan yana cikin harabar Casa de Campo, wurin shaƙatawar masu hali. A rubuta a tsarin gyaran yadda ɗan makarantar gwamnati daga La Romana ko Higüey zai shigo: wace ƙofa, wace rana, wa zai biya kuɗin mota. A cikin kasafin kuma a ware kuɗin bayan buɗewa na aƙalla shekara 5: albashin ma'aikacin adana kaya na dindindin, sauya silika jel, duba tarkon ƙwari kowane wata, sabis na na'urar tsane laima, man janareta.

Ranar buɗewa kada a sanar da ita tukuna. A bar sabon fenti da siminti su sha iska, a bar akwatuna a rufe ba komai a ciki tsawon mako huɗu da na'urar awo a cikin kowanne. Akwatin da layinsa ya miƙe tsakanin 55 da 60 shi za a fara zuba wa kaya, dutse da farko, sai yumɓu, sai ƙashi da katantanwa, icce a ƙarshe. In na ƙarshe ya zauna lafiya, sai a buga katin gayyata.

Mun gode. Ku huta lafiya.

Naku,
Wasu ma'aikatan adana kayan tarihi